Faifan The African Beat na Art Blakey: kiɗan Afirka ne ko jaz?

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya, ya ce an ba shi shawara ya nemi faifan Art Blakey mai suna The African Beat wai kiɗan Afirka ne zalla, ya nema ya saurara har ƙarshe amma abun bai shige shi ba, bai ji shi kamar kiɗan gida ba kuma bai ji shi kamar jaz ɗin da ya saba ji mai fiyano da taramfet ba. Shi ne yake tambaya wane irin kiɗa ne wannan ɗin, kuma kunnensa ne da matsala ko faifan.

To ɗan uwa kunnenka lafiyarsa ƙalau, abin da ka ji ɗin shi ne gaskiyar faifan. Wanda ya ce maka kiɗan Afirka ne zalla ya ɗan zarce, domin babu wani gari a Afirka da za ka je ka tarar ana yin wannan kiɗan a haka, ko a Ibadan ko a Ankara ta Gana balle Kano. Faifan haɗuwa ce da aka yi a rana ɗaya, 24 ga Janairun 1962, a situdiyon Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, ƙarƙashin kamfanin Blue Note na Alfred Lion. Mutum goma ne a ɗakin. Akwai 'yan Najeriya irin su Solomon Ilori, Bayarabe mai waƙa da kalangun Yarabawa da 'yar ƙaramar sarewar ƙarfe, da James Ola Folami, sannan akwai baƙaƙen fatar Amurka da suka ba da rayuwarsu wajen koyon gangunan hannu irin su Chief Bey da Montego Joe da Garvin Masseaux da Robert Crowder, sai kuma 'yan jaz na ainihi, Yusef Lateef a kayan busa, Ahmed Abdul-Malik a bes, wato babban kayan tsirkiya mai kaurin murya, Curtis Fuller, da shi uban tafiyar Blakey. In ka riƙe wannan a ranka, cewa mutane ne daga gidaje daban daban suka zauna suna neman inda bugunsu zai haɗu, to rabin wahalar sauraron ta kau.

Bari in ɗan faɗi waye Blakey tukuna saboda nauyin sunansa shi ya sa faifan ya samu fitowa tun farko. An haife shi a Pittsburgh a 1919, ya rasu a Niyok a 1990. Da fiyano ya fara kafin ya koma ganga. Daga 1944 zuwa 1947 yana cikin babbar ƙungiyar Billy Eckstine, wadda Dizzy Gillespie da Charlie Parker da Miles Davis duk sun ratsa ta cikinta, wato a nan aka dafa sabon salon da ake kira bibop kuma yana tsakiyar wutar. Bayan nan ya musulunta ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina, abokansa suna ce masa Bu, a shekarun ne 'yan jaz da yawa suka shiga Musulunci, akasari ta hannun masu wa'azin Ahmadiyya da ke biranen Amurka. Ya sha ba da labarin zuwansa Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, kuma kullum yana nanata cewa neman sanin addini da tunanin mutane ne ya kai shi, ba koyon ganga ba. A tsakiyar shekarun 1950 shi da Horace Silver suka kafa Jazz Messengers, daga baya ƙungiyar ta zama tasa shi kaɗai, ya riƙe ta sama da shekara talatin tana zama makaranta, Lee Morgan, Wayne Shorter, Freddie Hubbard, har su Wynton Marsalis a 1980, duk ta hannunsa suka bi. To mutumin da ke kan ganiyarsa a haka in ya ce wa kamfani yana son ya cika ɗaki da ganguna ba za a ce masa a'a ba.

Yanzu dalilin da ya sa bai yi maka kama da jaz ba. Ka koma ka lura da kyau, babu fiyano ko ɗaya a faifan nan, babu jita, babu taramfet. Curtis Fuller ma da duniya ta san shi da busa tarambon, ranar ajiye ta ya yi aka ba shi timfani, manyan gangunan nan masu kama da tukunyar tagulla, danginsu ɗaya da tambarin fada ta wajen ƙira, fata ɗaya a kan baki gindi a rufe. Wannan cire fiyanon ba ƙaramin abu ba ne. A jaz ɗin da ka saba, akwai wani tsari na sautuka da ke tafiya a ƙasa, misali bulus mai gaɓa 12 ko waƙa mai gaɓa 32, fiyano da bes suna bin tsarin suna canja sauti daga gaɓa zuwa gaɓa, mai saksofon ya tashi ya ƙirƙiri nasa a kai ya zauna, mai taramfet ya karɓa, a ƙarshe a dawo kan karin farko a rufe. Kunne ya saba jin ana tafiya daga nan zuwa can. A The African Beat ba a tafiya irin wannan, zagaye ake. Bes ya kama 'yan sautuka kaɗan ya yi ta maimaita su, ƙarfe ya kama nasa, kowace ganga ta kama nata gurbin, sai abin ya rinƙa juyawa a wuri ɗaya yana ƙara kauri. Wanda ya zo yana jiran canjin sauti sai ya ga kamar ba abin da ke faruwa alhali komai na faruwa, a tsakanin bugu da bugu ne kawai.

Amma kai Bahaushe ne, zagaye ba baƙonka ba ne, duk wanda ya taso yana jin kalangun Shata ko kotson fada ya san kiɗan da ke juyawa wuri ɗaya. To me ya sa duk da haka bai yi maka kama da na gida ba? Ni a ganina babban dalilin shi ne a wajenmu ganga magana take yi kuma da wani take. Kalangu in ya tashi a gaban mahauta ko a filin dambe take yake kaɗawa, akwai mai taken, kuma yana jin an taɓa shi tsigar jikinsa za ta tashi ko makaɗin bai buɗe baki ba. Makaɗi na matse igiyoyin da hammata fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa har ka ji kalmomin. Yarabawa ma haka dundun da gangan suke, sai dai harshensu hawa uku ne da shi, sama da tsakiya da ƙasa, saboda haka abin da kalangun Ilori yake faɗa da Yarabanci yake faɗinsa, kai ka ji amon ka gane dangin kayan amma maganar ta wuce ka. Sauran gangunan kuma ba magana suke ba sam. Konga da ta cika faifan gangar Kyuba ce, jikar gangunan da bayi suka sake ƙerawa a can, ita kuwa bata asalinta Yarabawa amma mafi yawan makaɗan Amurka ta hanyar Kyuba suka san ta. Ga shi babu wanda ake yi wa kiɗan, ba sarki ba ɗan dambe ba amarya ba, makirfo ake yi wa. Kunnen da ya saba jin kiɗa da mai shi dole ya ji wani gurbi a buɗe.

Akwai tarihi mai ɗaci a bayan wannan kuma ya kamata ka san shi in kana son ka fahimci me ya sa mutum kamar Blakey zai damu da tara gangunan hannu. A 1739 bayi suka yi bore a Stono cikin Carolina ta Kudu, shekara ɗaya bayan nan, 1740, aka kafa doka da ta hana bayi mallakar ganga da ƙaho da duk abin da za a iya kiran jama'a da shi, saboda masu bayin sun gane ganga saƙo take aikawa. Sai ya zama a mafi yawan Amurka ta Arewa gangar hannu ta ɓace daga hannun baƙar fata, in ka cire wurare kaɗan irin dandalin Kongo a New Orleans, bugun ya koma cikin tafi da taka ƙafa da waƙar coci da waƙar aiki. A Kyuba da Haiti da Brazil ba a kashe ta haka ba. Da jaz ya tashi a farkon ƙarni na 20 gangunan da ya samu na faretin soja ne, babbar ganga da ƙaramar nan mai wayoyi a ƙasa da farantan tagulla, a da mutum uku ke ɗaukarsu, sai aka ƙera abin takawa da ƙafa, na kamfanin Ludwig ya fito 1909, mutum ɗaya ya zauna ya haɗa su duka. Wato aikin da a wajenmu ake raba wa makaɗa huɗu, mai babban kalangu da mai ɗan karɓi da mai kuntuku da sauransu, a can an tattara shi a gaɓoɓi huɗu na mutum ɗaya. Gangar hannu ba ta dawo cikin jaz da ƙarfi ba sai 1947 da Dizzy Gillespie ya ɗauki Chano Pozo ɗan Kyuba, sannan Guy Warren na Gana, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya zo da nasa a tsakiyar shekarun 1950, sai Babatunde Olatunji da faifansa Drums of Passion ya karaɗe Amurka a 1960. Chief Bey da Montego Joe duk sun yi kiɗa da Olatunji kafin su zo wannan zaman.

Sai mu zo kan hannun Blakey kansa, wanda a nan ne ni na fi son in daɗe domin mu masu zama a kan gangunan nan shi muke saurare. Abu uku ake gane shi da su ko a cikin duhu. Na farko ƙafarsa ta hagu a kan hai-hat, farantai biyun nan da ke kife da juna ana taka su su rufe da ƙara cak. In ka ƙirga ɗaya biyu uku huɗu, shi yana rufewa a kan biyu da huɗu, da ƙarfin da ba wanda ya kai shi a zamaninsa, kuma ba ya fashi ko da hannayensa sun tafi wata duniya. Na biyu shi ne birgimar da yake yi da sanduna, ya danne su a kan fatar ƙaramar ganga su rinƙa rawa da kansu, sautin ya faro ƙasa ƙasa kamar ba komai ya kumbura ya kumbura har ya fashe a kan faranti daidai inda mai busa zai shigo, duk wanda ya yi aiki da shi ya san wannan turin. Na uku kuwa shi ne zai fi ba ka sha'awa, yakan ɗora gwiwar hannunsa a kan fatar ganga ya danna yana bugawa da ɗayan hannun, murya ta hau, ya ɗaga ta sauka. Dabarar mai kalangu ce aka yi ta da wata hanya, shi hammata da igiya, wannan gwiwar hannu da fata. Bambancin dai na Blakey kari yake rerawa, ba kalma yake furtawa ba.

To a wannan faifan abin da ya burge ni shi ne yadda ya rage kansa. Ba wannan ne karo na farko da ya tara ganguna ba, a 1957 ya yi Drum Suite ya kuma yi Orgy in Rhythm, a 1958 ya yi Holiday for Skins, inda ya gayyato manyan makaɗan jaz irin su Jo Jones da Art Taylor da Philly Joe Jones tare da masu konga irin su Sabu Martinez. Waɗancan suna da zafi ƙwarai kuma ina son su, amma akwai ƙamshin gasa a ciki, wannan ya zuba nasa wancan ya mayar masa, kowa gwani ne kuma kowa na son a sani. A The African Beat babu wani mai gangunan zama sai shi kaɗai, kuma waƙoƙin ko ɗaya ba tasa ba ce, na Ilori ne da Masseaux da Bey da Guy Warren. Mutumin da in ya ga dama shi kaɗai zai iya rufe muryar kowa a ɗakin, sai ga shi yana dogon lokaci yana riƙe da gurbi ɗaya kamar kowane yaro a cikin ayari, yana jira, sai lokacin ya yi ya buɗe wuta na ɗan lokaci ya koma. Yaran da nake koya wa kiɗa wannan nake fara nuna musu, domin duk wanda hannunsa ya fara nuna abin da ya fi yi masa wuya shi ne ya bar wa wani fili. Kuma ka sani gangunan zama da gangunan hannu ba sa shiri da sauƙi, farantan tagulla suna da ƙara mai faɗi da ke cinye ƙananan sautukan fata, in mai su bai yi hankali ba sai konga ta zama kamar ana buga kwali. Blakey ya san haka, Van Gelder ma ya sani, ɗakin nasa mai dogon rufin katako ne da ke ba ganga wurin numfashi, shi ya sa har yau in ka saurara da abin kunne mai kyau za ka iya nuna inda kowa yake zaune.

Wannan ya kawo ni kan yadda za ka saurare shi. Da farko don Allah kar ka ji shi da sifikar waya, bes ɗin Ahmed Abdul-Malik ba ya fitowa a nan kuma shi ne ƙashin bayan faifan, tunda babu fiyano shi kaɗai ke gaya wa kunne inda gida yake. Wannan bawan Allah ya yi aiki da Thelonious Monk da Randy Weston, kuma yana kaɗa ud na Larabawa, saboda haka zama a kan sauti ɗaya a yi ta juya shi ba baƙon abu ba ne a wajensa. Ka sa abin kunne ka zaɓi abu ɗaya tak ka bi shi daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ka ƙyale sauran. Fara da ƙarfe, akwai ƙarfe mai baki biyu a faifan irin kugen da muka sani, a kiɗan gaɓar tekun Afirka ta Yamma shi ne ma'auni, ba ya canjawa, kowa da shi yake gane inda yake. In ƙarfen ya zauna maka sai ka sake sauraro ka bi bes, sannan ka sake ka nemi cak ɗin ƙafar Blakey. A nan za ka fara jin abin da ake nufi, domin sau da yawa wani na tafiya da ƙirgen biyu wani na tafiya da ƙirgen uku a cikin tsawon lokaci guda, kamar dai lugude, mata a kan turmi ɗaya kowace taɓarya da lokacin saukarta ba mai karo da wata amma duk dakan ɗaya ne. Gwada da hannunka a kan cinya, dama ta buga uku hagu ta buga biyu su fara tare su sake haɗuwa a farkon zagaye. Ranar da hannunka ya iya wannan ba tare da ka ƙirga ba faifan zai buɗe maka. Kuma a nan ne jaz da kiɗan Afirka ta Yamma suke da jini ɗaya na gaskiya, domin lilon nan da ake ji a farantin jaz, tin tin-ki tin, asalinsa raba kowane bugu gida uku ne, shi ya sa Blakey bai sha wahalar zama a cikin zagayen su Ilori ba.

Faifan yana buɗewa da addu'a ta Ilori, gajeruwa ce ba ta kai minti guda ba, kar ka tsallake ta domin ita ke gaya maka muryar wa za a bi. Ife L'ayo da ke biye mai sauƙin shiga ce, sarewar ƙarfen Ilori na gaba da kari mai daɗi irin na kudu. Ayiko Ayiko ita ce ta fi kusa da hailaif, kiɗan rawa na Gana da Legas a wancan zamanin, kuma a nan ne Lateef ya ɗauki babban saksofon ya yi busa irin wadda ɗan jaz zai gane, in kana neman ƙofar shiga to ta nan za ka fara. Amma zuciyar faifan ita ce waƙar Guy Warren, Love, the Mystery Of, doguwa ce wajen minti tara kuma ba ta gaggawa ko kaɗan, bes na juyawa ganguna na taruwa a hankali obo ɗin Lateef na yawo a sama. Randy Weston ya ɗauki wannan waƙar ya mai da ita takensa shekaru da yawa, kaga ba ƙaramar waƙa ba ce.

Obo ɗin nan in ka ji shi za ka ce algaita, kuma ba ka yi kuskure ba, dangi ɗaya ne, dukansu da ɗan kara mai harshe biyu ake busa su shi ya sa muryarsu ke da wannan tsinin. A jaz kusan ba wanda ke busa obo a lokacin sai Yusef Lateef. Shi mutumin Detroit ne ta wajen tasowa, an haife shi 1920 ya rasu 2013, ya musulunta tun yana saurayi, kuma tun shekarun 1950 yake neman kayan busa na gabas da na Afirka yana saka su cikin kiɗansa. A wannan faifan ya busa sarewa da obo da saksofon da ƙahon saniya, har ya kaɗa ɗan akwatin nan mai haƙoran ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu. Kuma ga inda labarin ya taɓo mu kai tsaye, daga 1981 zuwa 1985 Lateef a Zariya yake zaune, babban mai bincike ne a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da ya zauna ya bincika shi ne sarewar Fulani. Wato mutumin da ka ji yana lalube da kunne a 1962, bayan shekara kusan ashirin ya taso ya zo inda abin yake ya zauna ya koya a hannun masu shi. Ina ganin girman wannan sosai.

Lokacin da faifan ya fito ma yana da nasa tasirin. Gana ta samu 'yanci 1957, a 1960 ƙasashe 17 na Afirka suka samu nasu har da Nijar da Najeriya, a Amurka kuma a shekarar ne ɗalibai baƙar fata suka fara zaman dirshan a wuraren cin abincin da aka hana su zama. Max Roach, wanda shi ne ɗayan babban makaɗin zamanin, ya fitar da We Insist! a 1960 tare da Abbey Lincoln da Olatunji, shi nasa faifan siyasa ce a fili har da kisan Sharpeville na Afirka ta Kudu a ciki. Blakey bai bi ta nan ba, babu zanga zanga a The African Beat. Hasali ma shi mutum ne da ya sha faɗa a hirarraki cewa jaz ɗan Amurka ne, a can aka haife shi daga wahalar baƙar fatar can, kuma bai yarda a ce kiɗan Afirka ne aka kai ba. Wasu suna ganin wannan ya ci karo da faifan, ni kuwa ina ganin shi ya sa faifan ya yi kyau. Da ya ɗauka cewa shi da Ilori abu ɗaya suke yi da bai saurare shi ba, da ya hau kansa kawai. Saboda ya san baƙo ne a wannan zagayen shi ya sa ya shiga da ladabi.

Ba zan ce maka faifan ba shi da rauni ba. Sunan ya fi abin da ke ciki faɗi nesa ba kusa ba, Afirkar da ke ciki ƙasar Yarabawa ce da kudancin Gana kamar yadda ake hango su daga Niyok, babu komai na sahel, babu goge babu gurmi babu molo, babu irin waƙar da murya ke jan dogon baiti 'yan amshi su karɓa kamar yadda muka sani. Akwai kuma wuraren da za ka ji gangunan sun yi yawa ba tare da kowace ta san aikinta sosai ba, abin da ba zai faru ba a ayarin makaɗan gado da suka taso gida ɗaya tun suna yara suna riƙe wa iyayensu ƙananan ganguna. Blue Note kamfani ne da aka sani da biyan makaɗa kuɗin rihazal kafin ɗauka, abin da yawancin kamfanoni ba sa yi a lokacin, amma rihazal na 'yan kwanaki ba zai ba ka abin da gado ke bayarwa ba. Saboda haka in ka auna shi da ma'aunin kiɗan fada ko na dundun na asali zai faɗi, in ka auna shi da ma'aunin Moanin', faifan jaz ɗin Blakey da Jazz Messengers na 1958, nan ma zai faɗi. Nasa ma'aunin daban ne, shin mutanen nan goma sun ji juna ko ba su ji ba, kuma a mafi yawan faifan, musamman a waƙar Guy Warren, sun ji.

Shawarata ka fara jin Moanin' ɗin tukuna ko sau biyu, ba don komai ba sai don ka san muryar Blakey a gidansa, ka ji ƙafar hagun nan da birgimar sandunan a inda suke sarauta, sannan ka dawo The African Beat za ka gane abin da ya ajiye a bakin ƙofa kafin ya shiga. Daga nan ka nemi African High Life na Solomon Ilori, Blue Note ɗin ce ta ba shi dama ya yi nasa a 1963 bayan wannan zaman, a can shi ne mai gida kuma za ka ji bambanci. In kuma kana son ka ji yadda abin ya juyo gida to Tony Allen za ka nema, makaɗin Fela, haifaffen Legas a 1940 wanda ya rasu a Faris a 2020. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa faifan Blakey da na Max Roach ya zauna ya yi ta saurare yana saurayi, kuma abin da ya lura makaɗan Legas na lokacin ba sa amfani da shi sosai shi ne hai-hat, sai ya ɗauko wannan ƙafar hagun ya haɗa da hailaif da bugun Yarabawa, daga nan gangar afrobit ta fito. A 2017 ya yi ɗan gajeren faifai na girmamawa ga Blakey da Jazz Messengers, a Blue Note ɗin dai, inda ya ɗauki waƙoƙinsu ya kaɗa su da nasa salon na Legas. Ka saka Moanin' ta Blakey ka saka ta Tony Allen a bayanta, ka bi ƙafar hagu kawai a duka biyun.